Tsakanin Jirgi da Jirgi: Awannin da Layin Shige da Fice Yake Ci

  Yau zancen tafiya ƙasar waje za mu yi, amma za mu ajiye batun neman biza da na kuɗin guzuri a gefe. Abin da za mu duba shi ne ɗan tsakanin nan da mutane ba su cika sa shi a lissafi ba, wato lokacin da ke tsakanin saukar jirgi na farko da tashin na biyu, da kuma layin jami'an shige da fice da yake cinye wannan lokacin.

Kada wani ya ce wannan maganar mutanen Abuja da Legas ce. Daga nan kudancin Kaduna ma'aikatan jinya suna tafiya Ingila aiki, ɗalibai suna tafiya Kanada da Turai karatu, masu ziyarar ibada suna zuwa Isra'ila da Jodan, alhazai da masu Umara suna zuwa Saudiyya, 'yan kasuwar citta kuma suna bin masu sayen kayansu har Dubai da Indiya. Mafi yawan wuraren da mutanenmu suke nufa ba su da jirgin da zai ɗauke su kai tsaye daga Abuja. Sai an ya da zango a Adis Ababa, ko Alƙahira, ko Doha, ko Istanbul, ko Faris, ko Farankfot, ko Landan, a sauka daga wannan jirgi a hau wancan. Abin da nake son in tabbatar muku a yau guda ɗaya ne: wanda ya sayi tikiti yana kallon farashi kaɗai, bai duba awannin da aka ba shi a zango ba, bai kuma tambayi inda za a buga masa fasfo ba, ya ɗauki wani nauyi a kansa wanda bai san ya ɗauka ba, kuma nauyin yakan fi rangwamen da ya samu tsada.

Canjin jirgi iri biyu ne. Akwai wanda fasinja ba ya shiga ƙasar da ya sauka. Mai zuwa Mumbai ta Adis Ababa, ko mai zuwa Jidda ta Doha, in tikitinsa ɗaya ne, zai sauka, a sake binciken jakar hannunsa, ya bi alamu zuwa ƙofar jirginsa na gaba, kayansa kuma suna bin sa ta ƙasa ba tare da ya gan su ba. Wannan ba ya tsayawa gaban jami'in shige da fice. Akwai kuma wanda dole sai ya shiga ƙasar kafin ya ci gaba, kuma nan ne gizo yake saƙa. Ƙa'idar da ta fi yawa a duniya ita ce, a filin jirgin farko da ka taka a ƙasar da za ka, nan ake tantance ka. Ma'aikaciyar jinya da za ta Abadin ta hanyar Landan, a Landan za ta bi layi. Ƙasashe 29 na Turai da suke cikin yarjejeniyar Shengen kuwa, a wajen shige da fice kamar ƙasa guda suke, don haka ɗalibin da zai je Folan ta Farankfot, Jamusawa ne za su duba fasfonsa, su yi masa tambayoyi, alhali shi a ransa yana ganin wucewa kawai yake yi.

To, me ya sa layin yake daɗewa haka? Lissafi ne da ɗan firamare ma zai iya. A ce jirgi ya sauke mutum 300 masu fasfon ƙasashen waje, jami'ai biyar ne a kan kanta, kowane fasinja yana cin minti biyu. Na ƙarshe a layi sai ya yi awa biyu cif kafin a kai kansa. In wani jirgin ya riga naku sauka da minti goma, sai ka ɗora nasu a kan naku. Kuma manyan jiragen da suke tasowa daga Afirka da Asiya da dare, kusan lokaci guda suke isa Turai da sassafe. Hukumar kan iyakar Birtaniya da kanta, mizanin da ta ɗora wa kanta shi ne ta sallami kashi 95 cikin ɗari na fasinjojin da ba Turawa ba cikin minti 45. Ku lura, wannan shi ne abin da suke ɗauka sun yi aiki mai kyau, kuma ƙofofin na'ura da wasu suke bi su wuce cikin ɗan lokaci a can, ba a buɗe su ga mai koren fasfonmu ba. A ƙasashen Shengen kuma, tun ranar 12 ga Oktoban 2025 aka fara sabon tsari na ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙi a madadin buga hatimi, wanda yake ƙara wa kowane sabon shiga 'yan mintoci. Minti ɗaya a kan mutum ɗaya ba komai ba ne, amma a ninka shi sau ɗari uku a gani.

Amurka ta fi kowa tsauri a wannan fanni. A can babu zancen wucewa ba tare da an shiga ƙasa ba. Ko ina za ka, a filin farko, ko Atlanta ne ko Washinton, a al'ada za ka bi layin shige da fice, ka je ka jira akwatunanka, ka bi ta kwastam da su, ka sake miƙa su, sannan ka sake bin layin binciken tsaro kamar yanzu ka zo daga gida. Layi huɗu ke nan ko biyar a jere. A Kanada kuma, ɗalibin da ya je karo na farko, takardar da ke hannunsa daga ofishin jakadanci wasiƙar gabatarwa ce kawai. Ainihin izinin karatun a filin jirgin farko ake buga masa, a wani ofishi dabam mai nasa layin. Mai zuwa Winifeg ta Toronto a ƙarshen Agusta, lokacin da ɗaliban duniya suke kwarara, in aka ba shi awa ɗaya da rabi a tsakani, to da wuya ya ga wannan jirgin.

Na san abin da wani zai ce: ai kamfanin jirgin ne da kansa ya sayar da tikitin, da ba zai yiwu ba da bai sayar ba. Akwai gaskiya a ciki. Kowane filin jirgi yana da mafi ƙarancin lokacin canji da aka amince da shi, kuma kwamfutar kamfani ba ta haɗa maka jirage biyu a ƙasa da wannan lokacin. Sai dai a tambaya, da wa aka auna wannan lokacin? An auna shi ne da jirgin da ya sauka a kan kari, da fasinja mai ƙafa, wanda ya san filin, yake karanta allo yana tafiya, ba a kuma tsayar da shi an ce ya kawo wasiƙar makaranta ko adireshin masauki ba. Ba a auna shi da dattijuwar da ta fito daga Fadan Kagoma za ta je renon jika ba, wadda kujerarta take can ƙarshen jirgi, sai kowa ya fita kafin ta fita, ga ciwon gwiwa, ga filin Istanbul da tafiya daga wannan ƙofa zuwa waccan takan ci minti ashirin ko fiye. Sannan lokacin da aka rubuta a tikiti na tashin jirgi ne, ƙofa kuwa ana rufe ta minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin nan. Awa ɗayan da kake gani a takarda, in ka cire fitowa daga jirgi da rufe ƙofa, abin da ya rage bai fi rabin awa ba.

Duk da haka, mai tikiti ɗaya yana da inda zai kai kuka. Dattawan Kafanchan da suka ga zamanin da tashar jirgin ƙasa take tashe, tun da aka haɗa layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos a nan a wajajen 1927, sun san cewa wanda ya yanki tikiti tun daga Inugu har Jos, in jirgin kudu ya makara, hukumar jirgin ce take da alhakin kai shi, domin da ita ya yi ciniki tun daga farko har ƙarshe. Haka abin yake a sama. In duk tafiyarka tana ƙarƙashin lambar ajiya guda, jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, kamfani zai sa ka a na gaba ba tare da ka ƙara ko kwabo ba, sau da yawa har da abinci da masauki. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ma ta tanadi diyyar da takan kai Yuro 600 ga doguwar tafiya, in laifin jinkirin na kamfani ne, kuma jirgin daga Turai ya tashi ko na kamfanin Turai ne mai shiga can. In layin shige da fice ne ya riƙe ka, diyya ba ta hau kansu ba, domin layin na gwamnati ne, amma galibi sukan sake maka jirgi. Mai tikiti biyu kuwa, wanda ejan ya haɗa masa wannan kamfani zuwa Alƙahira, wancan kuma daga Alƙahira zuwa gaba, don a rage masa wani abu, ba shi da kowa. Kamfani na farko ya kai shi inda ya yi alkawari, ya gama nasa. Na biyu kuma abin da ya sani shi ne fasinja bai zo ba, kuma a ƙa'idar yawancin kamfanoni, wanda bai hau jirgin tafiya ba, har na dawowarsa ake sokewa.

Akwai wani tarkon a cikin tikiti biyu da ya fi wannan muni. Tunda kamfanonin ba su san da juna ba, akwatinka a zango zai fito, kuma wurin ɗaukar kaya yana bayan kantar shige da fice. Ma'ana, kafin ka taɓa akwatinka sai ka shiga ƙasar, kafin ka shiga kuma sai da bizarta. Mutum ya taso ba shi da niyyar shiga Masar ko Turkiyya, amma yadda aka yanka masa tikiti ya wajabta masa. Ko mai tikiti ɗaya ma bai tsira gaba ɗaya ba. Najeriya tana cikin jerin ƙasashe goma sha biyu, tare da Gana da Habasha da Pakistan da sauransu, da duk ƙasashen Shengen suke neman 'yan ƙasarsu su mallaki bizar wucewa ko da ba za su fita daga cikin filin jirgi ba, sai fa in suna riƙe da wata takardar da ta ɗauke musu, kamar bizar Amurka ko Kanada ko Japan mai aiki. Birtaniya ma tana da irin tata. In kuma tafiyar ta ƙunshi zango biyu a cikin Shengen, misali Faris sannan Madrid kafin a haye Kudancin Amurka, to an shiga Turai ke nan, bizar wucewa ba ta isa ba. Ma'aikacin da ke kanta a Abuja yana da kundin ƙa'idojin nan a kwamfutarsa, kuma ba zai yi maka alfarma ba, domin ƙasashe suna cin kamfani tara a kan duk fasinjan da ya kawo ba cikakkun takardu. A Birtaniya Fam 2,000 ne a kan mutum guda. A nan Abuja za a ce maka ka koma gefe, kana ji kana gani.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan maganata ita ce ta aljihu, kuma ba zan raina ta ba. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 kuɗin jirgi ya yi tashin gwauron zabo, iyali da yawa sai sun sayar da buhunan citta ko fili, ko an yi karo-karo a coci ko masallaci, kafin a haɗa kuɗin tikitin yaro guda. Wanda yake cikin wannan hali, in aka nuna masa hanyar da zai rage dubu ɗari biyu, ba wauta ba ce in ya karkata. Amma a auna abin da aka sa a faifai. In komai ya tafi daidai, an tsira da dubu ɗari biyu. In aka yi rashin sa'a, sabon tikiti za a saya a ranar, a filin jirgi, da kuɗin waje, a farashi mafi tsada da ake sayarwa, ga kwanan otal, ga ranar fara aiki ko rajistar makaranta da za ta iya wucewa. Mai hali zai ciro kati ya biya, ya yi tsaki ya wuce. Wanda aka yi wa karo-karo kuwa, waya zai bugo gida cikin dare, a tashi neman bashi. Saboda haka wanda kuɗinsa ya fi ƙaranci shi ya fi buƙatar tikiti guda mai wadataccen lokaci. Kuma sau da yawa doguwar jira ba ta ƙara farashi, wani lokaci ma ita ce mai araha, don mutane suna gudunta. Kamfanin jirgin Habasha har masauki yakan bai wa fasinjan da jiransa a Adis Ababa ya kama daga awa takwas zuwa ashirin da huɗu, bisa sharuɗɗansa. Zaman awa biyar a kan kujera da gajiya, ba a musu, amma gajiya ce da barcin dare ɗaya yake warkarwa.

Mu kuma mutanen kudancin Kaduna muna da wani canjin da babu shi a tikiti, shi ne na mota zuwa jirgi. Wanda ya tashi daga Kafanchan ta Kwoi ya ɓulla Keffi, yana da cunkoson Mararaba da Nyanya a gabansa, sannan ya ratsa birnin Abuja gaba ɗaya kafin ya kama hanyar Lugbe zuwa filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Wanda ya bi ta Kagarko da Jere ya faɗa Bwari, shi ma ya san halin hanyar. Kantar awon kaya ta jiragen ƙasa da ƙasa yawanci awa guda kafin tashi ake rufe ta, bayanta kuma akwai masu duba katin rigakafin shawara, da jami'an hana fataucin miyagun ƙwayoyi, da kwastam, da shige da fice. Mai hankali a Abuja yake kwana. Wanda jirginsa daga Legas zai tashi kuwa, ya sani cewa tashar jiragen cikin gida da ta ƙasa da ƙasa ba gini ɗaya ba ne, sai an fito da kaya an shiga mota an bi titi, kuma tikitin Abuja zuwa Legas kusan kullum dabam yake da na waje. Daga Disamba zuwa Fabrairu, hazon hunturu yana hana jirage tashi da sauka a Kaduna da Jos da Abuja, wani lokaci yini guda. Wanda ya sa jirgin rana daga Abuja don ya kama na dare a Legas a irin wannan lokaci, ya jingina tafiyarsa gaba ɗaya a kan yanayin sama. A dawowa ma haka: layin shige da fice, jiran akwati, kwastam, sannan jirgin cikin gida wanda nauyin kayan da yake ɗauka kyauta bai kai akwati biyu masu kilo 23 da aka zo da su daga waje ba.

Wani zai ce ai zamani ya canza, na'ura ta zo. Gaskiya ne, a shekarar 2024 ma'aikatar cikin gida ƙarƙashin Olubunmi Tunji-Ojo ta kafa ƙofofin na'ura a filin jirgin Abuja da na Legas, inda ɗan Najeriya zai ɗora fasfonsa, kyamara ta dubi fuskarsa, ƙofa ta buɗe. Abin a yaba ne, kuma yana rage wahalar dawowa gida. Amma ƙofar tamu ce, a ƙasarmu take. Ba ta rage ko minti ɗaya a Landan ko Toronto, inda matsalar canjin jirgi take. Na'ura kuma ba ta sauke akwati daga cikin jirgi.

Sai kuma abin da mu da kanmu muke ƙara wa layin. Jami'i ya ce ina wasiƙar aiki, a ce tana cikin babban akwati. Ya ce ina adireshin da za ka sauka, a fara laluben waya, ga ba caji, ga ba intanet. Duk takardar da za a iya tambaya, wasiƙar makaranta ko ta asibitin da ya ɗauke ka, adireshi da lambar mai tarbarka, tikitin dawowa, katin rigakafi, a buga su a takarda a sa a jakar hannu tare da fasfon da ya rage masa aƙalla wata shida. Tsarabar abinci ma tana tsayar da mutane. Kilishi da dambun nama da man shanu, Turai da Birtaniya ba sa barin a shiga da su daga nan. Amurka kuma tana son a bayyana duk abin ci da aka ɗauko, ko daddawa ce ko garin citta, kuma ɓoyewa ta fi ɗaukowa laifi. Saƙon da wani ya ba ka a tasha ya ce ka miƙa wa ɗan'uwansa, in ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kada ka karɓa, ko waye shi. A kuma riƙa tunawa cewa biza izinin zuwa bakin ƙofa ce, jami'in da ke kan kanta shi yake da maganar ƙarshe. A watan Nuwamban 2023 jirgin Air Peace ya sauka a Jidda da fasinjoji 264, hukumomin Saudiyya suka soke bizarsu a nan take, daga baya aka bar 87 suka shiga, aka dawo da 177. In irin wannan tana iya faruwa da jirgi guda cur, to tsayar da mutum ɗaya na awa guda don ƙarin tambayoyi ba abin mamaki ba ne, kuma jirgi na gaba ba zai jira shi ba.

To nawa ne isasshen lokaci? Wannan ra'ayina ne, ba doka ba. In tikiti ɗaya ne kuma ba za a shiga ƙasa ba, kamar Adis Ababa ko Doha, awa biyu zuwa uku. In za a bi layin shige da fice kafin jirgi na gaba, kamar Farankfot ko Landan, kada ya gaza awa uku, ga mai zuwa karo na farko ko dattijo a ƙara. Amurka da Kanada, awa huɗu, ɗalibi sabon zuwa ma biyar. In kuwa dole ta sa an yi tikiti biyu, ko jirgin cikin gida ne zai haɗa ka da na waje, a sa kwana guda a tsakani. Kafin ka biya ejan, ka ce ya nuna maka lambar ajiyar, ka tabbata guda ɗaya ce tun daga Abuja har inda za ka, ka tambaye shi a wane gari za a buga maka fasfo, kuma ko ana neman bizar wucewa. Dattijo ko mara lafiya, a nema masa keken guragu tun wajen sayen tikiti. Kyauta ne, kuma ma'aikacin da zai tura shi ya san hanya. A kanta kuma, ka dubi takardar da aka liƙa wa akwatinka, ka ga sunan wane gari aka buga.

In duk da haka ka ga lokaci yana ƙurewa kana cikin layi, kada ka tsallake igiya, kada ka ɗaga wa jami'i murya. Ka nuna wa ma'aikacin da ke kula da layin katin shiga jirginka na gaba cikin ladabi, domin filaye da yawa suna da hanyar gaggawa ga masu ɗan lokaci. In jirgin ya tafi, ka nufi kantar canjin jirgi ta kamfanin kafin ka fita ko'ina, kada ka yi gaggawar sayen sabon tikiti da kanka, ka kuma adana katunan shiga jirgi da rasiɗin duk abin da ka kashe, don da su ake neman hakki, ko a wajen kamfanin ko a sashen kare hakkin fasinja na hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya.